Tsakanin Haihuwa Da Suna: Kwana Bakwai Da Ya Kamata Mu Yi Wa Tanadi

A kowane gida a ƙasar Hausa, kwana bakwai da ke tsakanin haihuwa da suna kwanaki ne na hidima. Maigida yana neman rago da goro, dangin uwa suna haɗa kayan barka, maƙwabta suna shigowa suna fita. A cikin wannan kai-komo ba kasafai ake tuna cewa waɗannan su ne kwanaki mafi haɗari a rayuwar ɗan Adam ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 2.3 ne suka rasu a duniya a 2022 kafin su cika kwana 28, kuma kusan uku cikin kowane huɗu daga cikinsu a makon farko suke tafiya. Wato mafi yawansu ba su kai ranar da za a raɗa musu suna ba.

Rabon Najeriya a wannan rashi babba ne, domin bayan Indiya babu ƙasar da ta kai ta yawan rasa jarirai. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin jarirai 1,000 da aka haifa da rai, 39 suna rasuwa a watan farko, a Jihar Kaduna kuwa adadin ya kai 63, kusan ɗaya cikin 16. Binciken da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, ya sami 41 a faɗin ƙasa. Burin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu shi ne kada adadin ya wuce 12 nan da 2030. Duk wanda ke zaune a Ƙofar Kuyambana, ko a wata unguwa cikin birnin Zariya, ko a ƙauyukan da ke bayan ganuwa, ya san fassarar waɗannan alƙaluma ba tare da an karanta masa ba: ƙaramar gawa a naɗe cikin tabarma, mutum huɗu ko biyar suna biye da ita zuwa maƙabarta da sassafe, a dawo a ce wa uwar Allah Ya sa mai ceto ne.

Addu'ar daidai take, haƙurin kuma wajibi ne. Tambayarmu ita ce: kafin a kai ga wannan safiya, akwai wata hanya ta gane jaririn da ke cikin haɗari tun da sauran lokaci? Masana lafiya sun ce akwai, sun kuma daɗe suna auna ta. Ra'ayinmu shi ne wannan ilmi ya halatta, neman sa ya zama dole a kanmu, kuma mafi yawansa bai fi ƙarfin gidan talaka ba.

Sai mu fara da abin da ke damun zukatan wasu daga cikin masu karatu. Da zarar an ce za a yi hasashen wanda zai mutu, Musulmi yakan ja da baya, kuma yana da hujja, domin ajali na cikin gaibun da Allah Ya keɓanta da saninsa, zuwa wurin boka ko ɗan duba don jin abin da zai faru kuwa babban laifi ne. Amma abin da likitoci suke yi ba shi da alaƙa da duba. Ɗan duba yana da'awar sanin makomar mutum guda ba tare da wani dalili da ake iya gani ba. Mai bincike kuwa yana ƙirga abin da ya riga ya faru ga dubban jarirai, sai ya ce a cikin masu irin wannan siffa an rasa kaza, a cikin masu waccan an rasa kaza. Ba ya cewa wane zai mutu. Cewa yake yi wane yana cikin rukunin da ke buƙatar a tsaya a kansa. Manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya kwashe shanyarsa bai yi da'awar sanin gaibu ba, alama ya karanta. Haka Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya juya da jama'arsa daga Sarg lokacin da labarin annobar Sham ya iske shi, kuma da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar take.

Kakanninmu ma sun yi irin wannan lura. Matar da 'ya'yanta suke rasuwa ɗaya bayan ɗaya akan ce tana wabi, sai a sa wa jaririn da ta haifa suna irin su Ajuji ko Ayashe, don a nuna kamar ba a damu da shi ba. Lurar gaskiya ce, domin bincike ya tabbatar da cewa uwar da ta taɓa rasa jariri ta fi saura fuskantar haɗarin sake rasa wani. Inda aka kauce shi ne wajen magani. Abin da ke bayan wabi sau da yawa sananne ne a asibiti: hawan jini, ciwon suga, rashin jituwar jinin uwa da na ɗa, ƙuncin ƙugu, ko haihuwa a kusa da juna. Irin wannan uwa awo take buƙata tun cikin yana ƙarami, da haihuwa a gaban ƙwararru.

Abin alfahari, kuma abin kunya a lokaci guda, shi ne Zariya na cikin wuraren da aka fara koya wa duniya wannan darasi. Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda a lokacin yake Tudun Wada, sun bi diddigin haihuwa 22,774 a jere, aka buga sakamakon a 1985. Abin da suka gano shi ne mutuwar uwa da ta jariri ta fi taruwa a wasu rukunai sanannu: matan da ba su taɓa zuwa awo ba sai da naƙuda ta gagara aka kawo su a galabaice, 'yan mata masu ƙarancin shekaru da jikinsu bai gama girma ba, matan da suka yi haihuwa da yawa, da waɗanda ba su sami ilmi ba. Matar da ta yi awo, ko da talaka ce, sakamakonta ya sha bamban da na wadda ba ta yi ba. Shekara arba'in ke nan da wannan bayani yana hannunmu, amma binciken 2018 ya nuna cewa a yankin Arewa maso Yamma haihuwa kusan 16 kawai cikin 100 ake yi a asibiti.

Sababbin bincike sun ƙara fito da abin fili. A 2020 wasu masana suka wallafa nazarin da suka yi da kwamfuta a kan haihuwa kusan rabin miliyan a yankunan karkara na Indiya, Pakistan, Kwango, Zambiya, Kenya da Gwatamala. Darussa biyu suka fito. Na farko, bayanan da ake da su kafin haihuwa, kamar shekarun uwa da karatunta da yawan haihuwarta, ba su wadatar wajen gane jaririn da za a rasa ba. Na biyu, da zarar an haihu hasashen yakan yi ƙarfi sosai, kuma abin da ya fi kowane abu nuna haɗari shi ne nauyin jariri. A shekarar ce kuma aka fitar da wani ma'auni mai suna NMR-2000, wanda aka gina a Birtaniya aka gwada a Gambiya, domin jariran da ba su wuce kilo 2 ba, kuma abu uku kawai yake dubawa: nauyi, yawan iskar da ke cikin jini, da irin taimakon numfashin da jariri ya buƙata.

Darasi na farko yana gargaɗinmu da kada wata mace ta ce tunda ta haifi biyar lafiya a ɗaki, ta shida ma haka za ta zo. Naƙuda kan juya a cikin sa'a guda, jariri kan fito bai yi kuka ba, kuma minti na farko shi ne ake da shi don a taimaka masa ya shaƙi iska. Darasi na biyu kuwa ya tona wani babban giɓi a wurinmu. Jaririn da aka haifa a gida ba a ɗora shi a sikeli. Ungozoma takan ɗaga shi ta ce ƙarami ne amma zai yi ƙwari, shi ke nan. Alhali ma'aunin a bayyane yake: ƙasa da kilo 2.5 ƙarancin nauyi ne, ƙasa da kilo 1.5 kuwa babban haɗari ne, wanda aka haifa kafin mako 37 kuma bakwaini ne ko da ya yi kama da mai lafiya. Muna zaune a garin da mai sayar da masara a kasuwa ba ya yarda a ɗauki buhunsa ba a auna ba, amma ɗan da aka yi wata tara ana jira sai ya kai ranar suna ba wanda ya san nauyinsa.

Bayan nauyi, akwai alamomin da kowace uwa da kowace kaka za ta iya koya. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashe shida, aka buga a mujallar The Lancet a 2008, ya tace su zuwa bakwai: jariri ya ƙi kama nono ko ya daina tsotso da kyau, ya yi jijjiga, ba ya motsi sai an taɓa shi, numfashinsa ya kai 60 ko fiye a minti guda, ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sosai idan ya ja numfashi, zafin jikinsa ya kai digiri 37.5 ko fiye; ko jikinsa ya yi sanyi ƙasa da 35.5. A ƙara da shawara idan ta bayyana a ranar farko ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, da cibiyar da ta yi ja ko take fitar da ruwa mai wari. Alama ɗaya ta isa a tashi. Ƙirga numfashi ba ya buƙatar komai sai agogon waya da minti ɗaya cikakke, lokacin da jariri yake kwance shiru. A lura da batun sanyin jiki musamman, domin mun saba jin tsoron zazzaɓi kaɗai, alhali jaririn da ƙwayar cuta ta shiga jininsa sau da yawa sanyi yake yi, ya yi lamo, sai a ce yaron kirki ne ba ya kuka.

A nan ma Zariya ta ba da gudummawa. Tana cikin wurare biyar da aka gudanar da gwajin AFRINEST daga 2011 zuwa 2013, tare da Ibadan da Ile-Ife da wasu yankuna a Kenya da Kwango. An horar da ma'aikatan lafiya na cikin al'umma suna bin gidajen masu jego suna duba waɗannan alamomi. Inda iyaye suka kasa kai jariri babban asibiti, an gwada ba shi magani a ƙaramin asibiti na kusa, aka ga cewa allurar jentamaisin ta 'yan kwanaki haɗe da amoksisilin na sha tana aiki kamar allurai 14 da aka saba yi a mako guda. A kan wannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina ƙa'idarta ta 2015, daga baya kuma aka gwada aiwatar da ita a karkarar Zariya. Ba muna faɗin wannan don wani ya tafi kemis ya sayo magani da kansa ba ne. Ma'aikacin da aka horar shi ne zai auna nauyi ya ƙayyade adadi, jaririn da ya galabaita kuwa ba shi da wurin zuwa sai babban asibiti. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne ana iya gano jariri mai haɗari a cikin ɗakin uwarsa, a ƙauyen da ba likita. A gundumar Gadchiroli ta Indiya, Dakta Abhay Bang ya nuna tun 1999 cewa matan ƙauye da aka horar sun rage mutuwar jarirai da kashi 62 cikin 100.

Sai dai gano haɗari rabin aiki ne. Idan aka ce wa uwa ɗanta yana cikin haɗari, ba mota, ba kuɗi, maigida kuma ya tafi kasuwa bai bar izinin fita ba, an ƙara mata tashin hankali ne kawai. Daga cikin birni zuwa Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko Cibiyar Lafiyar Yara ta Banzazzau, tafiya ce ta 'yan mintuna. Daga ƙauyukan Wuciciri ko Dambo ko Giwa zuwa Shika da tsakar dare a cikin damina kuwa wani labari ne daban. Haka nan akwai haɗarin a mayar da ma'aunin hasashe ya zama hukunci, a ce wannan bakwaini ne ba zai yi rai ba, kada a ɓata kuɗi. Wannan kuskure ne a likitance, zalunci ne kuma a shari'ance. Gwajin da aka yi a ƙasashe biyar, ciki har da Najeriya, aka buga a 2021, ya nuna cewa ɗora jariri mai nauyin kilo 1 zuwa 1.8 a ƙirjin uwarsa fata da fata tun daga haihuwa ya rage mutuwa da kashi 25 cikin 100. Ma'auni yana nuna wanda za a fara da shi ne, ba wanda za a bari ba. Bayanan da ake tattarawa a kan mata da cikinsu kuma amana ce, bai halatta su zama abin hira a unguwa ba.

Saboda haka muna kira ga magidanta da farko. Malamanmu na Malikiyya, a babin ciyarwa na Mukhtasar ɗin Shaihu Khalil da ake karantawa a zaurukan birnin nan, sun lissafa ladan ungozoma cikin abin da ke wuyan miji. Hikimar a fili take: tsaron lafiyar haihuwa nauyin maigida ne. A zamaninmu wannan nauyi ya haɗa da kuɗin awo, wanda ake so a yi sau takwas, da allurar rigakafin tetanus, da kuɗin mota da aka ware tun cikin yana wata bakwai, da lambar direban da zai amsa waya da dare, da izinin fita da aka bayar tun kafin buƙata ta taso. Yanka ragon suna sunna ce, kiyaye rai kuwa wajibi ne, kuma ba a gabatar da sunna a kan wajibi. Wanda ya iya tanadin rago wata uku kafin haihuwa zai iya tanadin kuɗin asibiti.

Muna kira ga iyayenmu mata, kakanni da ungozomomi, waɗanda a hannunsu jariri yake a makon farko. A sa shi a nono cikin sa'ar farko, kada a zubar da dakashi, domin shi ne rigakafinsa na farko. A jinkirta wanka zuwa bayan sa'a 24, a rufe masa kai, musamman a lokacin hunturu. Kada a sa wa cibiya toka ko man goge baki ko wani haɗi, a yi amfani da man kulohekzidin da hukumomin lafiya suka amince da shi. A bar cire beli, domin yana jawo zubar jini da shigar cuta. Taɓa wa jariri ɗan dabino a dasashi ba hujja ba ce ta ɗura masa ruwa ko jiƙo. Kunyar ɗan fari kuma kada ta hana yarinya faɗin abin da ta gani a jikin ɗanta.

Muna kira ga limamai da masu unguwanni. Babu haihuwar da ke wucewa ba su sani ba, domin su ake gayyata raɗin suna. Muna ba da shawarar a mayar da ita al'ada: ranar da aka zo sanar da haihuwa, liman ya tambayi uban ko an auna jaririn, nawa ne nauyinsa, ko ma'aikacin lafiya ya gan shi. Tambayar da ta fito daga bakin liman ta fi sanarwar rediyo goma. Kwamitin masallaci da ke iya tara kuɗin janareta zai iya sayen sikelin jarirai da ma'aunin zafin jiki, ya ajiye su a hannun mace guda da aka horar a unguwa, ya kuma buɗe ƙaramin asusun kai mara lafiya asibiti.

Muna kira ga ɗalibai, na Islamiyya da na boko. Alamomin nan bakwai ba su kai tsawon darasi guda na Ahalari ba. Ɗalibar da ta haddace su ta koya wa matan gidansu ta yi sadaka mai gudana. Waɗanda ke karatun likita da jinya da lissafi a Samaru da Shika kuma su sani cewa babban nazarin 2020 bai haɗa da Najeriya ba, kuma ma'aunin da aka gina da bayanan wata ƙasa sai an gwada shi a kan namu jariran kafin a dogara da shi. Garin da ya ba duniya haihuwa 22,774 a rubuce bai kamata ya jira wasu su ƙirga masa 'ya'yansa ba.

Daga ƙarshe muna kira ga gwamnatin Jihar Kaduna da ƙananan hukumomin Zariya, Sabon Gari da Giwa. An yi alƙawarin asibitin matakin farko mai aiki a kowace mazaɓa cikin 255 na jihar, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Abin da za a auna wannan alƙawari da shi mai sauƙi ne: a sami ungozomar asibiti da dare, sikeli mai aiki, jakar taimakon numfashi, da ma'aikacin da zai ziyarci mai jego a ranar farko, da ta uku, da cikin mako na biyu, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. A kuma riƙa rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwar jariri, har wanda aka binne kafin suna, domin wanda ba a ƙirga ba ba a yi masa kasafi.

Rai da ajali a hannun Allah suke, kuma akwai jaririn da za a yi wa komai amma ya koma. Iyayensa suna da ladan haƙuri, ba kuma laifi a kansu. Abin da za a tambaye mu shi ne wanda alamarsa ta bayyana kwana biyu a gabanmu, muna ta lissafin goro. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa a kan tafarkin Musulunci, Ya ba iyayen da suka rasa nasu haƙuri da kyakkyawan musanye.